Ledar da Clifford Ya Yanka

Ranar da labarin ya iske Doreen Hepworth, tana saman bene tana kokawa da hannun tankin banɗaki. Ta danna sau huɗu, ruwa ya yi ɗan gurnani ya koma ya kwanta. Tana tsaka da yi wa mijinta Clifford faɗa a bayan idonsa sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta sauko da bokiti a hannu. Stanley ne, mai lambun da ke jikin na Clifford, ya cire hula ya dafe a ƙirji.

"Doreen, ajiye bokitin nan tukuna."

Ba ta ajiye ba. A tsaye ta ji cewa Clifford ya faɗi tsakanin kunyoyin dankali, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Abin da ya fara fita daga bakinta, har yau tana jin kunyarsa, shi ne: "To wa zai gyara tankin?"

Wata bakwai Clifford yana cewa sai Asabar zai gyara.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mutum talatin suka cika gidan, kowa da kofin shayi, ga banɗaki ɗaya tal. Daga kicin Doreen tana jin hannun tankin yana ƙwas-ƙwas babu ruwa. Glenys ce a ciki, ƙanwar marigayin.

Doreen ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga murya. "Glenys! Ba kyanwa kike shafawa ba. Sau ɗaya, da ƙarfi!"

"Na danna har hannuna ya sage!"

"Ke da kike murɗe kunnen mijinki kullum? Ga bokiti nan a ƙofa."

Da baƙi suka watse, 'yarta Lorraine ta zaunar da ita.

"Mama, kin dai gani. Shekara saba'in da biyu, kina hawa bene da bokiti. Ɗakin ƙasa na gidana yana nan babu kowa."

"A gidan nan na haife ki, 'yar nan."

"Na sani. Yau tanki ne, gobe rufi. Baba ne mai riƙe da gidan nan. Ranar Lahadi zan dawo. In na tarar da bokitin nan, kayanki zan fara haɗawa."

Doreen ba ta kira mai gyaran famfo ba. In ta kira shi, maganar Lorraine ta tabbata ke nan. Kuma shekara arba'in da tara Clifford yana yi mata bayanin tankin nan a kan teburin abinci, ba ta taɓa saurara ba, amma ya zauna mata a ka kamar waƙar coci. Tankinmu ba ya yoyo, in ji shi, don babu ramin da aka toshe a gindinsa. Bututu ne mai lanƙwasa, ya hau sama ya sauko. In ka danna hannun, wani faifai mai leda a kai ya taso, ya watsa ruwa ya haye lanƙwasar. Da zarar ya haye, shi zai zuƙo sauran da kansa. In ledar ta yage, faifan ya taso fayau. Shi bai taɓa sayen sabuwa ba. Daga buhun takin lambu yake yanka tasa.

Ranar Juma'a ta shiga rumfarsa ta bayan gida neman buhu da almakashi. A kan teburin aikinsa ta ga gwangwanin biskit, an rubuta "Tanki" da fensir a jikin murfin. Ta buɗe. Leda tara, an yanke su tsaf, kowace da hudarta a tsakiya.

Ta zauna a kan buhun taki.

"Tara, Clifford! Tara! Ka zauna ka yanka tara, ka kasa hawa bene ka sa ɗaya?"

Ba ta yi kuka a coci ba, ba ta yi a bakin kabari ba. A nan ta yi shi, tana yi tana zaginsa, har hancinta ya toshe.

Aikin ya ci mata wuni guda. Ta rufe famfon gidan, ta kwashe ruwan tankin da kofi, ta tsane sauran da soso. Babban notin da ke ƙasan tankin ya ƙi motsi sai da ta kwanta a ƙasa ta sa wa sifana hannu biyu. Ragowar ruwa mai sanyi ya zubo mata a wuya. Da ta zaro bututun, tsohuwar ledar ta fito a yayyage, da rabin hoton tumatir a jikinta. Ta sa sabuwa, ta mayar da komai, ta tarar ta manta da zoben robar gindin bututun a kan taga. Ta sake kwancewa. Ranar ce ta gane ashe aikin da Clifford yake ta ɗagawa sai Asabar ba wasa ba ne, amma ba ta yafe masa ba.

Ranar Lahadi Lorraine ta shigo, ko kwat ba ta cire ba ta haye sama. Danni ɗaya, ruwa ya sauko da ƙugi har ƙasa ana ji. Ta leƙo ta saman matakala.

"Mama, wa kika kira?"

"Babanki ya yanka, ni na sa. Saura takwas. Sauko ki sha shayi kafin ya huce."

Lorraine ta sauko, ta cire kwat. Ba a sake tayar da maganar ɗakin ƙasa ba. Bokitin ya koma rumfa.

Clifford yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ta haushi. In ya danna hannun, ba ya fita sai ya dafa murfin tankin ya ji ruwa ya cika ya yi shiru, ita kuwa tana bakin ƙofa a matse. Yanzu kowace safiya Doreen takan danna sau ɗaya, da ƙarfi, ta dafa murfin. Sai ya yi shiru take sauka ta ɗora buta.