Cinyar Auta

Guduma yana ɗaure igiyar takalminsa lokacin da koci ya fara karanta sunayen waɗanda za su fara wasa. Bai ko ɗago kai ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan sunansa ne ke rufe jerin, tun lokacin da 'yan kallo suka laƙaba masa Guduma saboda ƙarfin bugunsa. Koci ya kai ƙarshe, ya yi gyaran murya, ya ce Auta ne zai tsaya a gaba.

'Yan wasa suka shiga bubbuga bayan Auta. Shi ma Guduma ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa, don idanu na kansa, kuma ko ba komai ciki ɗaya suka fito. Shi ya saya masa takalmin ƙwallo na farko, shi ya kawo shi ƙungiyar ya roƙi a gwada shi. Mai tsaron ragarsu ya taɓa tsokanarsa cewa ɗan zaki yake kiwo a tsakar gida. Ranar dariya ya yi har da riƙe ciki.

Ba zaman benci ne ya fi ci masa rai ba. Mai shekara talatin da uku, da gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu, ya san la'asar ta yi masa. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne Baba. Tsohon da ya farke masa ƙwallo uku da wuƙa yana cewa sana'ar marasa aikin yi ce, wanda bai taɓa taka filin nan ba ko ranar da Guduma ya ɗaga kofi, yau shi ne tun safe ya sa aka goge masa kaya. Ya ji labarin wakilin wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje zai zo ganin wasan autansa. Guduma ne ma aka aika ya nemo masa kujera a rumfar manya.

Da sauran suka fita motsa jiki, ya dawo ɗaukar gorar ruwansa. A ɗakin wanka ya tarar da Auta ya ɗora ƙafa kan benci yana naɗe cinyarsa ta dama da bandeji, can sama inda gajeren wando zai rufe. Ga kwalin ƙwayar kashe zafi a gefe. Da ya matsa masa da tambaya, Auta ya ce tun atisayen Laraba yake jin kamar ana jan igiya a bayan cinyar, kuma bai faɗa wa kowa ba.

"Yaya, don Allah ka rufa min asiri," in ji shi. "Mutumin nan yau kaɗai zai zo."

Guduma ya san wannan ciwo. Ya ga yadda ya mayar da gwanaye masu sayar da riguna a bakin fili. Abin da ya kamata shi ne ya kama hannun ƙanensa ya kai shi gaban likitan ƙungiya. Sai ya tsaya yana kallon bandejin.

"Jikinka ne," ya ce, ya ɗauki gorarsa ya fita.

A hanyar fita fili wani tunani ya biyo shi: idan tsokar ta tsinke, wata shida ne ko fiye, wurin kuma ya dawo hannun mai shi. Ya yi a'uzubillahi a ransa. Tunanin bai tafi ba, tare suka zauna a benci.

Auta kuwa ya taka leda kamar ba shi ne mai ciwon ba. Duk gudun da ya yi, idon Guduma na kan cinyar nan, ba kan ƙwallo ba. Saura minti bakwai a tafi hutu aka bugo wata ƙwallo daga gefe, Auta ya tare ta da ƙirji, ya juya mai tsaron baya kamar ƙyauren ɗaki, ya narka ta a raga. Fili ya ɗauka. Waƙar da aka shekara goma sha ɗaya ana yi wa Guduma ita aka rera, suna kawai aka canza. Guduma ya ɗaga kai ya dubi rumfar manya, ya ga Baba a tsaye, hularsa ta faɗi bai sani ba, ya rungume wani mutum da ko sunansa bai sani ba. Kujera biyu daga nan wakilin yana rubutu a ɗan littafinsa.

Guduma ya yi tafi sau uku, hannuwansa kamar na aro. Ya ga Auta ya rage gudun murna, ya kai hannu bayan cinya ya yi sauri ya janye.

Ana busa hutun rabin lokaci Guduma ya ja likita gefe ya faɗa masa komai. Likita ya kwantar da Auta, ya kwance bandejin, ya danna wurin da babban yatsa. Ƙarar da Auta ya saki ta isa amsa. Koci ya yi faɗa kamar zai ari baki, sannan ya juya ya ce Guduma ya cire rigar sama. Auta kuwa kallon yayansa kawai yake daga kan gadon.

Minti arba'in da biyar Guduma ya yi a fili. Sau ɗaya ya samu ƙwallo mai kyau, ya sake ta da dukkan ƙarfinsa, ta daki turke ta dawo. Aka tashi ɗaya da nema. Ko kafin a busa tashi kujerar wakilin babu kowa.

Daga fili asibiti suka wuce aka ɗauki hoton cinyar. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna wa Baba inda tsokar ta fara yagewa. Ya ce da an ƙara minti goma ana gudu a kanta, da maganar shekara ake yi, in ma an dawo ke nan, amma yanzu hutun sati huɗu ya isa. Ya tambaya wa ya lura, likitan ƙungiya ya nuna Guduma da haɓa.

Baba ya kamo hannunsa da hannu biyu ya riƙe. "Babban wa uba," ya ce. "Ka ceci ɗan'uwanka. Allah ya yi maka albarka."

Shekara ashirin Guduma yana jiran wata kalma irin wannan daga bakin nan. Ya ce amin a hankali, idonsa a ƙasa.

Baba ya bi likita karɓo takardar magani, ɗakin ya rage su biyu. Fanka na juyawa a sama. Auta yana kwance, idonsa kan silin.

"Yaya."

"Na'am."

"Tun kafin a take wasa ka sani." Babu faɗa a muryarsa. "Me ya sa sai da na ci ƙwallo ka faɗa?"

Daga waje aka ji muryar Baba yana ba wata ma'aikaciyar jinya labarin cewa 'ya'yansa biyu duk 'yan ƙwallo ne.

Guduma ya matso bakin gadon ya rusuna, ya juya wa ƙanensa kafaɗa.

"Dafa ni," ya ce. "Kar ka taka da ƙafar."

Auta ya daɗe yana kallon kafaɗar kafin ya dafa.