Tsiren Maharazu

Shekara biyar Maharazu bai ci tsire a gaban mutane ba. A Sheme, wanda ake bi bashi ba ya tsayawa wurin mai nama, don in ya tsaya, kafin la'asar mai kuɗin ya ji. Shi kuwa Alhaji Gide, ɗan kasuwar hatsi, yana bin sa kuɗin shanun huɗa biyu da suka mutu tun lokacin fari.

Da aka fara aikin kwalta, Maharazu ya shiga leburanci. Cikin wata tara ya biya Alhaji tas, a gaban shaidu, aka shafa fatiha.

Ranar kasuwa ya yi wanka, ya je ya sayi tsiren naira ɗaya, aka naɗe masa a takardar siminti. Niyyarsa ya zauna a bencin mai tsiren ya ci a tsanake, amma ƙafafunsa suka kai shi bayan tasha, inda ya saba laɓewa. Buɗewarsa ke da wuya sai ga Alhaji Gide a kan sabon babur. Maharazu ya yi wuf ya mayar da ƙunshin baya.

"Ci abinka, Maharazu," in ji Alhaji. "Ai mun rabu lafiya."

"Ba nawa ba ne, Alhaji. Aike ne."

"Na wa?"

"Na Malam Mani, liman."

"To, kawo. Can na nufa."

Maharazu ya miƙa masa da hannu biyu.