Bangon da Kakana Ya Buɗe

Yaran gidanmu suna cewa bangon kakana faɗuwa ya yi. Ba haka ba ne. Ubana yana wurin, shi ya gaya mini, kuma ubana ba ya ƙara wa magana gishiri.

Kakana manomi ne. Da damina ba ka ganinsa sai a gona. Da an gama girbi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya ce namiji ba ya zaman banza, ya buɗe sana'a a ɗakinsa na bakin titi. Dogon ɗaki ne, bangonsa na gaba yana kallon hanya.

Yana da doka guda. In sana'a ta mutu, ƙofarta ta mutu. Ba ya shigo da sabon ciniki ta inda tsoho ya fita. Sai ya kulle waccan, ya kira magini a fasa bango a kafa wata. Kuma ba ya sa katakon banza. Gungumen itace ake kafawa dama da hagu, a gicciya wani a sama. Yakan ce ko sana'a ta kunyata shi, ƙofa ba za ta kunyata shi ba.

Ya yi aski, ya daina bayan ya taɓa kunnen wani mahauci. Ya sayar da kananzir da ashana, sai matarsa, wadda muke kira Inna, ta ga a jere ya ajiye su, ta hana. Ya yi gyaran fitila. Ya yi hayar keke da keke ɗaya, wanda ya fara ɗauka har yau bai dawo ba. Daga nan sabulu. Kowace da ƙofarta, kuma duk ɗaki ɗaya suke shiga.

Mai saye ya zo ya ga ƙofofi a jere, sai ya buga wadda ta fi kusa.

"Wa ke nan?" in ji kakana daga ciki.

"Sabulu nake so, Baba."

"Nan ƙofar aski ce."

"To ai ga shi ina jin muryarka."

"Muryata ba ta sayar da sabulu. Zaga."

Wani ya zaga ya buga ta keke, a sake ce masa zaga. Dangi sun ce wannan ne ya kashe masa kasuwa. Ni na ce mutane ne ba su da haƙuri.

Wata shekara hatsi bai yi ba, albasa ta yi. Ita kaɗai ce abincin gidan har wata damina, in ta sayu. Ubana, a lokacin ya riga ya yi aure, shi ya jido buhunan ya cika ɗakin. Ba taga, ƙofofin titi a kulle, zafi ya taso. Ta ƙasa ta fara tsami. Kakana ya ce sayar da albasa sabuwar sana'a ce, sai an fasa mata ƙofa.

Inna ta same shi a tsakar gida.

"Maigida, a buɗe ta sabulu mana. Ita ce mai faɗi."

"Sabulu ya mutu."

"Albasar ma tana hanya. Ka shiga ka shaƙa."

"Na shaƙa. Ƙofa take nema."

"Ina za ka sa ta? Bangon da ya rage bai kai faɗin tabarmata ba."

"Ya isa."

"To in rufi ya sauko kan albasa, ƙofofinka za mu dafa mu ci."

Magini ya zo da safe. Ya ƙwanƙwasa ɗan bangon da ya rage a tsakiya, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ja da baya.

"Baba, wannan fa shi ke riƙe da sauran."

"Na tambaye ka?"

"Kai ne ba ka tambaya ba. Matata za ta tambaya in aka kai mata ni a kwance."

Kakana ya juya. Ya shiga ɗakin ta cikin gida, ya zauna kan buhu, ya ce daga ciki, "Ga ni a ƙarƙashinsa. Buga."

Magini ya buga, ya ƙara, ya yar da guduma ya tsallake titi. Bangon tsakiya ya zube. Na kusa da shi ya biyo, na gaba ma haka, duk ƙasar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa ta sauko. Inna ta fito da ludayi a hannu tana kiran sunan ubana.

Da ƙura ta lafa, rufi yana nan. Ya zauna daram kan gungumen ƙofofin. Ta aski, ta kananzir, ta fitila, duk suna tsaye a kulle, ba bango a tsakaninsu. Kakana yana kan buhunsa, fari fat, yana kallon titi. Titi ma yana kallonsa, da albasa tuli a bayansa.

Wata mata mai kwando ta tsaya. Ta tsallake ɓaraguzai ta shigo ta tsakanin ƙofar keke da ta sabulu.

"Baba, ta sayarwa ce?"

Kakana ya buɗe baki zai ce zaga. Inna ta riga shi.

"Maigida, wace sana'a ce ta mutu ta nan?"

Ya dubi inda matar ta shigo. Ya daɗe yana dubawa.

"Babu," ya ce. "Sabuwa ce. Auna mata."

Iska ta shiga ɗakin, mutane suka shiga. Ta ƙasa kaɗan aka zubar, sauran ta sayu, gida ya ci har damina. Magini ya dawo ɗaukar gudumarsa, kakana ya ce masa aiki ya yi kyau, sai dai ya fasa fiye da abin da aka sa shi.

Bai sake canja sana'a ba. Babu bangon fasawa. Abin da gona ta ba shi yake jerawa a wurin har ƙarfinsa ya ƙare. Amma kullum da yamma yakan bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya jijjiga kwaɗonsu, ya tabbata a kulle suke. Awaki suna wucewa ta gefensa.

Wannan shi ne yara ke kira faɗuwa. Mutumin da ya zauna ya ce a buga, shi ya buɗe abinsa.