Musabahar Baba Jafaru

Tun da ɓarin jikin Baba Jafaru ya shanye, ba rashin tafiya ne ya fi ci masa rai ba, rashin musabaha ne. Dattijon da duk garin Kiyako ke gaisawa da shi, yau a miƙo masa dama ya miƙa hagu? Ina!

Wasu likitoci masu gwaji a Birnin Kudu suka ba shi hula mai wayoyi da safar hannu mai inji. In ya ƙudurta a ransa zai dunƙule hannu, hular ta ɗauko daga ƙwaƙwalwa, safar ta lanƙwasa yatsun. Sun ce da haka hannun zai sake koyo, amma fa sai shi ya yi da kansa, kuma kada a yi sanya, don in aka daɗe hannun ba zai dawo ba. 'Yarsa Hadijatu aka koya wa haɗa kayan. Aka nuna mata wani maɓalli a jikin wani ɗan akwati da ke haɗe da safar, na gwada inji ne, in an danna safar ta lanƙwasa yatsun da kanta, aka ce ban da wannan.

Ranar da surukinsa Malam Yunusa ya zo dubiya daga Zandam, Baba ya sa aka ɗaura masa kayan. Baƙo ya miƙo hannu. Baba ya yi ta yunƙuri, gumi na keto masa, safa ko gezau. To wace 'ya ce za ta iya kallon ubanta haka a gaban suruki? Hadijatu ta sa yatsa ƙarƙashin mayafi ta danna. Hannu ya kama hannu, aka yi ta hamdala.

Shi ke nan, labari ya bazu. Masu dubiya suna zuwa, ita kuma tana dannawa, har kaka ta wuce. Abinci ya daina shigar mata. In aka sa mata albarka, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Rannan da babu baƙo, ta durƙusa ta roƙe shi ya gwada, su biyu kawai. Ta ture akwatin gefe, ta sa hannunta cikin nasa. Suka jira. Yatsun ba su motsa ba.

Baba ya dube ta, babu faɗa a fuskarsa.

"Danna mana, Hadijatu," ya ce. "Ni ai tun ranar Malam Yunusa na bar wahalar da kaina."