Akwatin Baba Moro

Ran wata Talata da safe, ina saukowa da bokitin wanki, na lura da wani tsumma a ninke kan matakala ta shida. Na ɗauke shi na rataye a igiya. Washegari ya koma wurinsa. A rana ta uku na ga dalili. Kakata, Hajiya Safiatu, na tarar zaune a kai, ta dafe gwiwa, tana jiran numfashinta ya daidaita kafin ta ƙarasa sama. Da ta gan ni sai ta hau gyaran ɗankwali, wai iska take sha.

Ɗakin Hajiya a saman bene yake tun lokacin da marigayi kakana, Alhaji Abdulmumini, ya ƙara wa gidanmu na unguwar Aboabo hawa na biyu. Matakala goma sha huɗu ce tsakaninta da tsakar gida. Likita ya daɗe da hana ta hawa da sauka, ya ce in ta faɗi sau ɗaya, da wuya ta sake miƙewa. A ƙasa kuwa ɗaki ɗaya ne kawai babu ɗan haya a ciki, wato ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Nan Alhaji yake saukar da fataken goro daga arewa a zamaninsa. Bayan rasuwarsa ɗakin ya zama wurin jefa duk abin da ba a so kuma ba a iya yarwa, har ƙofar ta daina buɗuwa sai rabi.

Lokacin na gama jami'a, ina gida ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Ban iya tunkarar Hajiya da zancen komawa ɗakin ƙasa ba, don haka na kira Goggo Barkisu, ƙanwar babana. Ran Asabar ta sauko daga turoturo, motar hayar Tafo, da tsintsiya biyu a hammata.

"Hajiya, yau ɗakin nan zai ga hasken rana," in ji ta tun daga bakin ƙofa.

"Ke da ba ki iya share naki ba?" Hajiya ta amsa daga sama. "Farhana, zo ki riƙe ni in sauko, kada goggonki ta zubar min da dukiya."

Na ɗauka za a yi rigima kan kowane cokali. Ba haka aka yi ba. Muka ajiye mata kujera a inuwar mangwaro, muna fito da kaya tana yanke hukunci. Fanka uku da ba sa juyawa da wata talabijin mai ƙaton baya ta ce a kira masu tara tsofaffin ƙarafa su kwashe. Keken ɗinkin da ta daina takawa shekara ashirin ta ce a kai wa Nasira, matar ɗan hayarmu, da ke koyon ɗinki a shagon wani. Sai muka zo kan kwanukan aurenta, langa da kwalla jere-jere, wasu ko takardar kamfani ba a ɓare musu ba. Goggo ta ɗaga wata kwalla mai furanni ja, tana jujjuya ta.

"Me kike kallo? Ɗauki," in ji Hajiya. "Tun kina goye take jiran babban biki. An yi bikinki, an yi na 'ya'yanki, ba ta fito ba. Ko ni da na saye ta na manta kalarta."

Kafin la'asar mata sun cika tsakar gida. Kowa ta fita da abu a ka tana sa albarka, wata da Hausa, wata da Dagbani, wata da Twi. Hajiya sai dariya take yi tana ba da tarihin kowane kwano. Ban taɓa ganin ta da sauƙin rai kamar ranar ba.

Baba Moro ne ya cire mana katakan da aka kafa a bango. Tsohon kafinta ne, mutumin garin Walewale da ke arewa, yana da 'yar rumfa a kasuwar katako ta Anloga. Tun tasowata nake ganinsa kullum bayan azahar a kan bencin zaurenmu. A kai masa kwanon tuwo, ya ci, ya wanke hannu, ya tafi. Ba ɗan'uwanmu ba ne, ba ɗan haya ba ne, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Da ɗakin ya kusa zama fanko, sai ga wani akwatin katako a lungu, daidai inda ya kamata kan gado ya zauna. Baƙi ne, mai nauyi, da kwaɗo mai tsatsa. Goggo ta kama hannunsa za ta ja.

"Wannan ki bar shi," in ji Hajiya, muryarta ta sauya. "Ajiya ce."

"Ajiyar wa?"

"Ta mai ita."

"Hajiya, gado ba zai shiga ba in yana nan."

"To kada ya shiga."

Aka bar zancen haka. Ina goge ƙurar murfin na ga wata alama da aka ƙona a jikin katakon: da'ira, da layi uku a ƙarƙashinta. Ɗazun nan na ga irinta. Tana jikin ƙotar gudumar Baba Moro, da ya ajiye a kan taga yana shan ruwa.

Na kwana da murna. A tunanina Hajiya ta manta mai akwatin, tsoron cin amana ne ya sa ta hana a taɓa shi, ni kuwa na gano shi ba tare da na tambayi kowa ba. Ran Litinin da hantsi, Goggo ta raka Hajiya ganin likita, sai na tare wani mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke ɗaukar kaya. Muka ɗora akwatin, na kwatanta masa rumfar Baba Moro. Kafin su dawo na wanke ɗakin, na sa an sauko da gado, na shimfiɗa sabon zanen gado.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi lungun.

"Ina akwatin?"

"Na Baba Moro ne, Hajiya. Na gane alamarsa. Na aika masa."

Ba ta yi min faɗa ba. Ta juya ta kama ƙarfen matakala, ta fara hawa ɗaya bayan ɗaya. Goggo na cewa, "Hajiya, ga gadonki a ƙasa," ko waiwayowa ba ta yi ba. Daren nan a kan tabarma ta kwana a tsohon ɗakinta.

Ranar Baba Moro bai zo ba. Talata ma haka. Tuwonsa ya huce a rufe a kan benci, da yamma na mayar da shi madafa. Ran Laraba na kai wa Hajiya koko, na durƙusa nesa kaɗan.

"'Yar boko," in ji ta, "kin karanta alama, ba ki tambayi ma'anarta ba. Kina tsammanin ban san mai akwatin ba? A gabana aka shigo da shi."

Na sunkuyar da kai.

"A gidan fatake, duk wanda kayansa ke ɗakin baƙi, baƙon gidan ne. Yana da kwano a tukunyarmu. Ba sadaka yake ci ba, haƙƙinsa ne, ba ya kuma jin kunyar kowa. Ran da maigida ya fito wa mutum da kayansa waje, ya sallame shi ke nan. Moro ya zo yana saurayi da ayarin goro, ya ajiye akwatin nan, wai bayan damina zai koma gida. Daminar ta wuce, uwarsa ta rasu, bai koma ba. Alhaji ya ce masa, bar kayanka inda suke. Yau shekara hamsin da wani abu. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a garin nan. Ke kuma kin aika masa da akwatinsa a bayan babur."

"Ban sani ba, Hajiya."

"Na san ba ki sani ba. Ni ma da laifina, da na buɗe baki na faɗa. Amma ba zan kwana a ɗakin da aka kori baƙo don a shimfiɗa min gado ba."

Ni mutum ce da ko a aji ba na ɗaga hannu. Duk da haka bayan azahar na zuba tuwo da miyar ayoyo a kwano mai murfi, na ɗaure da ɗankwali, na hau mota zuwa Anloga. Ƙarar injinan yanka katako ta cika ko'ina, garin katako na shiga ido. Sau uku na wuce mutane ban iya tambaya ba, sai a na huɗu wata mai sayar da ayaba ta nuna min rumfar da baki.

Yana zaune a kan guntun gungume, yana jiƙa garin rogo a kofi. Akwatin na gefensa a buɗe. Na gaishe shi, na ajiye kwanon a gabansa.

"Hajiya ne ya aiko ka?" ya tambaya. Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"A'a, Baba. Ni na kawo kaina. Ni ce na aiko da akwatin, Hajiya ba ta sani ba. Ban san al'adar ba. Ka yafe min."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya yi 'yar dariya, ya nuna akwatin da haɓa.

"Zo ka gani."

Na leƙa. Wata riga ce da asu ya cinye har ta zama kamar raga, da basillar ɗinke huhun goro, da takalmin mata ƙafa biyu na roba, sun bushe sun tsattsage.

"Takalmin na tsohuwata ne, na saya zan kai masa," in ji shi. "Shekara da shekaru ina tsoron buɗe akwatin nan. Ashe duk asu nake wa gadi." Ya share ido da bayan hannu. "Jiya na yi wa tsohuwa addu'a, na ji kamar an sauke min kaya. Da ba ka aiko ba, da har in mutu ban buɗe ba."

Ya jawo kwanon, ya kwance ɗankwalin, ya shaƙi ƙamshin miyar.

"Hajiya ya sauko ƙasa?"

"Ta ƙi. Ta ce ba za ta kwana a ɗakin da aka kori baƙo ba."

"Kai, taurin kai! Tun yana amarya haka yake." Ya yi loma biyu. "Yaya yake salla da gwiwan nan?"

"A bakin gado take zama. Gadon ya yi mata tsawo, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sosai."

"Tsayinku ɗaya?"

"Na ɗan fi ta."

Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu ya miƙo min, ya ce in auna daga ƙasa zuwa gwiwata. Na auna na faɗa masa. Ya rubuta da fensir a jikin murfin akwatin, ya rage kaɗan, ya ci gaba da cin tuwonsa. Bai ce zai zo ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Alhamis ta wuce shiru. Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamarsa. Yana rungume da wata 'yar kujera mai makari da hannu biyu. Baƙin katakon akwatin nan ne, an goge shi har yana sheƙi, da'irar nan da layinta uku suna tsakiyar makarin. Ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga murya.

"Hajiya! Ajiya na kawo."

Aka ɗan jima. Sai ga ta a saman bene, tana leƙowa. Ni da Goggo muka hau muka riƙo ta, muka sauko a hankali. Baba Moro ya shiga ɗakin baƙi, ya ajiye kujerar a gefen gado, ya juya ta ta fuskanci alƙibla. Hajiya ta zauna. Tafin ƙafarta biyu suka kwanta a ƙasa daidai. Ta shafa hannun kujerar, ta daɗe tana shafawa.

"An karɓa," in ji ta. "Inda ka ajiye, nan za ka tarar. Farhana, baƙonmu bai ci abinci ba."

Na ruga madafa. Ina zuba miya ina ta yi wa Allah godiya a zuci, har na cika kwanon fiye da kima. Na kai masa zaure, ya karɓa ya yi bisimilla.

A ciki kuwa sabuwar gardama ta tashi. Hajiya ta ce a sauko mata da rediyonta da carbinta da akwatin zannuwa guda ɗaya, sauran duk a rabar.

"Guda ɗaya?" in ji Goggo. "Leshin nan naki na Makka fa?"

"Ke dai faɗi gaskiya, so kike."

"Ni? Allah ya kiyaye. Amma in za a bayar, ai na fi kusa."

"Ɗauki, uwar kwaɗayi. Ki bar wa Farhana ɗaya leshin, shuɗin, ta sha wahala."

Ina tsaye a ƙofar ɗakin da labule a hannu, ina jiran su yanke wace taga za a rataya shi. Daga nan ina hango zaure. Baba Moro ya sauke kwanon, ya wanke hannu da buta, ya rufe kwanon da murfinsa ya tura ƙarƙashin benci. Ya ɗan tsaya yana sauraron muryar Hajiya da ke fitowa daga ɗakin. Sannan ya zura takalmansa, ya gyara hula, ya fita.