Ƙuri'ar Maƙwabcina Norbert

"Juya bayanka, Farfesa," in ji Norbert. "Doka ta ce ka ga na cika takardar ƙuri'a, ba ta ce ka ga wanda na zaɓa ba."

Na juya na fuskanci taga. Ragowar dusar ƙanƙara tana narkewa a gefen titi, motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya a kwanar layinmu tana sauke yara. A bayana ina jin alƙalami yana karce takarda a hankali, ina kuma jin tukunyar iskar da ke taimaka masa numfashi tana huci. Ranar Alhamis ce, ashirin da takwas ga Maris, 2019, saura kwana biyar zaɓen hukumar makarantu ta gundumarmu.

"Ai ko ban gani ba na sani," na ce. "Duk layin nan ya sani."

"To ka sani a ranka. Paulette, lashe min ambulan ɗin nan, bakina ya bushe."

Paulette 'yarsa ce tilo, ta dawo gida da zama tun rasuwar mahaifiyarta. Ita ta sa aka sauko da gadonsa falo sa'ad da ciwon huhu ya hana shi hawa bene. Ta manne ambulan, ya sa hannu, ta miƙo min. Na rubuta sunana, Leland Asplund, da lambar gidana a gurbin shaida.

Ni da Norbert Gruenwald mun yi maƙwabtaka tun watan Agusta na 1978. Ni malamin tarihi ne a sakandaren gunduma har na yi ritaya, shi ya sa yake kirana Farfesa, ba kuwa don girmamawa ba. Shi kuma shekara talatin da huɗu ya yi, daga 1969 zuwa 2003, yana kula da tukunyar ɗumama gini a firamaren Birch Hollow da ke ƙarshen layinmu. Ban iya tuna zaɓe ɗaya da muka tsaya gefe guda ba, na bana kuwa ya fi kowanne zafi. Kujera ɗaya ce ake nema, kuma ita za ta raba gardama a hukuma kan ko a rufe Birch Hollow. Curtis Vanderhei yana cewa a rufe a mayar da yaran sabon gini. Ni a bayansa nake, domin na ga azuzuwan da babu kowa ciki. Delphine Okray tana cewa a bar ta, Norbert kuwa ko mutuwa za a yi yana bayanta.

Tun Afrilun 1963, lokacin da sai mai shekara ashirin da ɗaya ke zaɓe, Norbert bai taɓa fashin zaɓe ba. Ko shekaru biyun da ya yi a soja, ta gidan waya ya aiko. Mafi yawan mutanen unguwarmu ba sa ma sanin ranar zaɓen makarantu, amma shi a wurinsa babu zaɓen da ya kai shi.

"Nas ta ce da kyar in kai mako," ya ce, kamar mai ba da labarin yanayi. "To, ko yanzu na tafi, ƙuri'ata tana cikin ambulan."

Na yi shiru. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Faɗi. Na san wannan shirun naka, akwai lacca a bayansa."

Na faɗa masa gaskiya. A dokar jiharmu, ambulan ɗin wanda ya yi zaɓe daga gida yana zama a rufe har ranar zaɓe, a kai shi rumfa, a kira sunan mai shi da ƙarfi, sannan a buɗe. In ma'aikatan rumfa suka tabbatar mai shi ya rasu kafin a buɗe, ajiye shi ake yi gefe, ba a ƙirgawa. Shugaban rumfarmu kuwa, tun 2001, ni ne.

"Wato in na mutu Litinin, kai za ka cire ta."

"Ni zan cire ta."

"Kawu Leland!" in ji Paulette. "Wa zai sani in ka yi shiru?"

"Shi zai sani," in ji Norbert, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bar shi. Mutumin da ya kayar da ɗan cikinsa a jarrabawa saboda ya ɓata shekarar yaƙi ɗaya? Da ya ce zai rufa min asiri, da na san tsufa ya taɓa masa kai. Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Ƙarfe biyu na rana, in layi ya ragu. Haka muke yi kullum."

"Talata, ƙarfe biyu." Ya lumshe ido. "To ba zan mutu ba sai an ƙirga. Paulette, akwai sauran miyar kazar nan?"

Bai roƙe ni komai ba, a ranar ko bayanta. Abin da ya yi shi ne ya kama rayuwa kamar yadda yake kama aiki. Ya sa Paulette ta rubuta ranaku biyar a takarda ta liƙa a jikin talabijin. Yana shan miya cokali cokali ko ba ya so. Ranar Lahadi Fada, limamin cocinsu, ya zo ya shafa masa man ƙarshe da ake shafa wa mai shirin mutuwa, ya karɓa da ladabi, sannan ya ce, "Na gode, Fada, amma ka gaya musu ina da uzuri har jibi." Duk yamma ina shiga mu yi gardamarmu. Yakan ce ginin Birch Hollow na 1957 zai binne sabon ginin da jikokinsa. Ni kuma in ce gini ba ya koyar da yaro karatu.

"Kai ka taɓa shiga makarantar nan ƙarfe biyar na asuba a watan Janairu?" ya ce min ranar Asabar. "Kai kana zuwa ka tarar da ɗumi, ka ɗauka daga sama ya faɗo."

Ranar Litinin da la'asar gardama ta gagara. Nas ɗin, wata doguwar mata mai suna Corinne, ta biyo ni har baranda ta ce, "Malam, ban ga zai kai azahar ɗin gobe ba. Safiya ma sai dai in an yi sa'a. Ya ƙi maganin da zai sa shi barci, wai kada ya zarce."

Na koma gida na ɗauko littafin dokokin rumfa, ko da yake na san abin da ke ciki. Doka ta ce ana iya buɗe ambulan kowane lokaci tsakanin buɗe rumfa da rufe ta. Ƙarfe biyu ba ya cikin littafi. Ni na kafa shi a shekarar da na karɓi rumfa, domin in sami damar cin abincin rana a natse, shekara goma sha takwas kuma ta mayar da shi kamar doka har a bakina.

Rumfarmu a ɗakin wasannin Birch Hollow take. Ranar Talata, biyu ga Afrilu, ƙarfe bakwai daidai na tsaya a bakin ƙofa na yi shelar an buɗe zaɓe. Mutum tara ne a layi. Da suka shige na ce wa abokan aikina huɗu a ɗauko jakar ambulan ɗin ƙuri'a da magatakardar gari ta aiko, yanzu za mu fara.

Wakilin Vanderhei a rumfar, Dwayne Tesch, mijin ƙanwarsa ne, kuma tsohon ɗalibina. Ya ajiye kofinsa ya taso.

"Malam, yau kuma da sassafe? Ai sai ƙarfe biyu."

"Wane sashe ya ce haka, Dwayne?"

"Haka ake yi tun ina yaro."

"Tun kana da shekara talatin da ɗaya. Ga littafi, nuna min."

Ya rage murya. "Haba Malam, kowa ya san don wa kake yi. Mutumin nan ba namu ba ne. Zaɓen nan ƙuri'a ɗaya na iya juya shi. Ba wanda ya ce ka yi ha'inci, ka dai bi al'adarka kawai."

"In na jira ƙarfe biyu yau, ba al'ada nake bi ba, mutuwar mutum nake jira, kai ma ka sani. Koma kujerarka. In kana da ƙorafi, ga takarda, rubuta, ni zan sa maka hannu."

Wakiliyar Okray, wata tsohuwa mai saƙa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Rubuta da kyau, Dwayne," ta ce, "kada ya ba ka sifili."

Ambulan ɗari da arba'in da shida ne a jakar. Ban zaro na Norbert daga tsakiya ba. Ba ni da wannan ikon, da kuma ya ji na yi haka da bai yafe min ba. Muka bi su yadda magatakarda ta jera su. A kira suna da lambar gida, a duba sa hannu biyu, a ba shi lamba a rajista, a yanka, a warware takarda ba tare da an kalla ba, a zura a na'ura. In mai zaɓe ya shigo mu dakata mu sallame shi. Agogon da ke saman ragar ƙwallon kwando yana tafiya, ni kuma na hana kaina kallonsa fiye da sau ɗaya a kowane ambulan goma. Har yau ban taɓa jin aiki ya yi min nauyi a hannu kamar na safiyar nan ba.

Nasa ne na sittin da uku. Ƙarfe takwas da minti goma sha huɗu ya iso hannuna. Doka ba ta ce in bincika ko mai ambulan yana da rai ba, amma na riga na faɗa masa abin da zan yi, don haka na ɗauko waya a gaban wakilan biyu, na buɗe muryarta kowa ya ji.

Sau biyar ta yi ƙara kafin a ɗauka.

"Paulette, Leland ne. Ina riƙe da ambulan ɗin mahaifinki. Dole in tambaye ki."

"Yana nan, Kawu." Muryarta ta dishe. "Tun asuba idonsa yake kan agogo. Wai har an kai ƙarfe biyu?"

"An matso da lokacin. Sa masa wayar a kunne."

Muka ji hucin tukunyar iska, da numfashi mai tsayi, mai tsayawa yana dawowa. Na dubi Dwayne. Ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa.

Na miƙe tsaye, abin da ban yi wa sauran sittin da biyun ba, na ɗaga murya yadda nake yi a aji. "Norbert Gruenwald, gida mai lamba ɗari biyu da goma sha bakwai, Layin Tamarack." Babu wanda ya yi jayayya. Aka rubuta lambarsa, aka yanka ambulan. Na kara wayar a jikin na'ura, ta ja takardar ta haɗiye, ta yi ɗan kukanta.

"Ta shiga, Norbert," na ce. "Babu mai iya fito da ita, ko ni."

Sai muka ji raɗa, sai Paulette ta yi wani sauti tsakanin kuka da dariya.

"Ya ce bututun da ke bayanku yana ƙwanƙwasawa. Wai iska ce ta shiga, a kwance masa kai kaɗan, kada a tsaya ana kallonsa kamar farfesoshi."

Muka waiwaya gaba ɗaya. Gaskiya ne, bututun ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga yana ta bugawa tun safe, babu wanda ya kula. Dwayne ne ya je ya durƙusa da ƙaramar wuƙarsa ta aljihu, ya murɗa, iska ta fita da huci, bugun ya tsaya.

Norbert ya cika ƙarfe goma da minti ashirin da biyar. Corinne ce ta kira ta sanar da ni, ta ce bayan wayar ya karɓi maganin da ya yi kwana biyu yana ƙi, ya yi barci. Na rubuta lokacin a littafin rumfa, na ci gaba da aiki, domin shugaban rumfa ba ya barin wurinsa sai an rufe.

Domin labari ya cika: Vanderhei ya ci da ratar ƙuri'a tamanin da uku, aka rufe Birch Hollow a watan Yuni na shekarar da ta biyo. Har yanzu ina ganin daidai aka yi, kuma na san sarai abin da Norbert zai ce min.

Amma a ranar ba mu san wannan ba tukuna. Wajen ƙarfe uku ana yayyafi, Paulette ta shigo da rigar sanyin mahaifinta a kafaɗa, ta bi layi kamar kowa. Wasu suka so su ba ta gaba, ta ƙi. Da ta iso tebur ta faɗi sunanta da lambar gida, aka juyo mata rajista ta sa hannu. Sunan mahaifinta ne a saman nata, da lambarsa a gefe da jan tawada. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe.

Ta yi zaɓenta, ta zo bakin ƙofa inda muke ba kowa 'yar takarda mai mannewa a riga, alamar ya jefa ƙuri'a. Na ɓare mata ɗaya. Ta tsaya, ba ta tafi ba. Na ɓare ta biyu.

Ta manna ɗaya a ƙirjinta. Ɗayar ta bar ta a kan ɗan yatsanta, ta rufa mata ɗaya tafin hannun saboda ruwa, ta gangara layinmu a hankali.