Kalwar Gwaggo Hindatu

Hidaya a Jidda aka haife ta. Tana shekara tara babanta ya rasu, aka kawo ta Damri wurin yayarsa, Gwaggo Hindatu mai daddawa.

Wata biyu ke nan, har yau kwanonta daban. Yaran gida su kewaye tuwon dawa suna wawaso, Gwaggo na dungure masu kai, ita kuwa a ajiye mata shinkafa da cokali a bakin ɗaki. Abin na ci mata rai. Ba tuwon take so ba, Allah ya sani, miyar kukan nan ko kallonta ba ta iya yi. So take a ce mata, "Ke, matso nan," kamar kowa.

Ranar kasuwa Gwaggo ta fita, Hidaya ta ɗauki tsintsiya don ta burge ta. A ɗakin baya wani wari ya buge ta. Subhanallahi! Kamar ɓera ya mutu a cikin takalmi. Ta ɗaga buhun da aka rufe kwando da shi, sai ga ƙwayoyi baƙaƙe, da ɗumi, suna yauƙi. Ta taɓa ɗaya, zare ya biyo yatsanta. Nan take ta yi amai.

Wai a ce mutum da ransa ya kwana da wannan ƙazanta! Ta toshe hanci da mayafi, ta ja kwandon har bola ta juye, ta wanke shi tas da sabulu.

Baiwar Allah, ina ta san kalwa ce? Yini guda Gwaggo ta yi tana dafa ta, kwana uku tana jira ta ruɓe, yau za a daka.

Da Gwaggo ta dawo ta ga kwando a kife yana ƙamshin sabulu, sai ta saki salati. Mas'udu, jikanta da ya sha bulala jiya kan ya zubar da cokalin manja, ya ruga ya ɗauko mata tsumagiya.

"Ga ta, Gwaggo! Hidaya ce!"

Hidaya ta gane ɓarnar da ta yi. Ta matso da kanta, ta miƙa tafin hannu, ta runtse ido.

Gwaggo ta dubi hannun, ta yamutsa fuska, ta jefar da tsumagiyar.

"Ku ƙyale ta. Wa ke bugun baƙo?"

Da aka zuba abinci, shinkafarta na bakin ɗaki, har da nama biyu.